Babi na Biyar: Kwanciyar Hankalin Ma'aikaci a Hannun Wa Take?

Karmo tana farkawa kafin birnin da take yi wa aiki. Tana yamma da tsakiyar Abuja, a kan hanyar da ta tashi daga Life Camp ta nufi Gwagwa da Dei-Dei, ga Unguwar Masana'antu ta Idu a maƙwabta. Tun kafin a idar da sallar asuba titi ya fara cika. Masu gadin da suka kwana a Jabi da Utako suna komowa, direbobi da masu shara da ma'aikatan kamfanonin Idu suna fita, leburori da birkiloli sun jeru a bakin hanya da cebur da kwano, suna jiran motar da za ta tsaya a ce ana neman mutum biyar. Ranar Talata kuwa kasuwa ke ci, a kwance dilolin gwanjo, 'yan dako da masu baro su yi ta kai da komowa har rana ta faɗi.

Mutanen wannan yanki sun san rashin tabbas farin sani. A shekarar 2006, lokacin da Malam Nasir El-Rufai yake ministan Babban Birnin Tarayya, an yi rusau a Idu da Karmo, iyalai masu ɗimbin yawa suka wayi gari babu matsuguni. A wannan shekarar ce kuma aka hana 'yan acaɓa shiga tsakiyar birni. Daga baya, a ranar 29 ga Mayu 2023, aka cire tallafin man fetur. Litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce naira 1,000, kuɗin mota ya bi ta. Mai aiki a cikin gari da ke kwana a Karmo, wani kaso mai tsoka na albashinsa a hanya yake ƙarewa.

Idan irin wannan mutum ya fara ramewa, ya daina barci, ya riƙa faɗa da matarsa a kan abin da bai kai ya kawo ba, ko aka auna shi a kemis aka ce hawan jini ne, abin da ake cewa shi ne tunani ya yi masa yawa. Shawarar da ake ba shi ita ce ya yi haƙuri, ya rage sa abu a rai. Ba na raina haƙuri ko kaɗan, shi ne ya riƙe gidaje da yawa a Karmo har yau suke tsaye. Abin da ke damuna shi ne kullum yaron ake ce wa ya yi haƙuri, ba a cika samun mai juyawa ya tambayi maigidan yadda ya tsara aikin ba. Alhali abin da masana halayyar ɗan Adam suka tara cikin shekaru hamsin da suka wuce, mafi yawansa da maigida yake magana.

Girman matsalar bai tsaya a Najeriya ba. A watan Satumba na 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya sun ƙiyasta cewa ciwon damuwa da fargaba suna cinye ranakun aiki biliyan 12 a kowace shekara, asarar da ta kai kusan dala tiriliyan 1. Manyan kamfanoni, a Turai da nan gida, sun amsa da shirya wa ma'aikata bita a otel: yadda za ka sarrafa numfashi, yadda za ka jure matsi, manhajar waya da za ta kwantar maka da hankali. A 2024 wani mai bincike a Jami'ar Oxford, William Fleming, ya duba bayanan ma'aikata sama da 46,000 a wuraren aiki 233 a Birtaniya. Ya tarar waɗanda suka shiga irin waɗannan shirye-shirye ba su fi waɗanda ba su shiga ba samun natsuwa. Shawararsa ita ce a koma kan aikin kansa: yawansa, lokacinsa, ladansa, da halin mai sa ido a kansa. Wannan magana ta fi amfani a Karmo fiye da Oxford, domin a nan babu mai kuɗin kama otel, amma kowane mai shago yana da ikon sauya yadda yake tafiyar da yaransa.

Mu fara da ranar biya, domin a ganina babu abin da ke cin ran ma'aikacin Karmo kamar ta. Ƙarancin albashi ciwo ne, amma rashin sanin ranar da zai zo wani ciwon ne daban. Mai gadi da kamfanin tsaro ya ajiye a wani gida ya shiga wata na biyu ana ce masa kuɗi bai shigo ba. Lebura ya yi kwana shida yana hawa da kankare saman bene, ranar Asabar ɗan kwangila ya kashe waya. Yaron shago ya yi shekaru a kan alkawarin sallama, babu rubutu, babu shaida, babu ranar da aka tsayar. Duk waɗannan suna zuwa aiki da jikinsu, amma zuciyarsu tana gun mai gidan haya da mai kantin da ke binsu kuɗin garin kwaki.

An auna wannan abu, kuma a wurin talakawa irin namu aka auna shi. A jihar Tamil Nadu ta Indiya, masu bincike, cikinsu har da Sendhil Mullainathan da Eldar Shafir, sun gwada manoman rake 464 sau biyu: kafin girbi, lokacin da aljihu ya bushe, da bayan an biya su. Sakamakon da suka buga a 2013 ya nuna mutum guda ɗin nan ya fi kaifin tunani bayan kuɗi ya shigo hannunsa. Masana sun yi ta muhawara a kan wannan sakamako, wani bincike a Amurka ma bai samu irinsa ba. Sai dai gwajin da ya biyo baya ya fi kusa da batunmu. A jihar Odisha, Supreet Kaur da abokan aikinta sun ɗauki ma'aikata kimanin 400 aikin ɗinka farantan ganye na mako biyu. Lada iri ɗaya ne ga kowa. Bambancin kawai, wasu an ba su wani ɓangare na kuɗinsu kwanaki kaɗan kafin a gama, sauran sai ranar ƙarshe. Waɗanda aka biya da wuri sun je sun rage bashi, sun sayi abinci, suka dawo aikinsu ya ƙaru da kimanin kashi 7 cikin ɗari, kuskurensu kuma ya ragu. Ba a ƙara musu ko sisi ba, an dai sauke musu wani nauyi daga rai.

Mai gidan burodi ko mai gidan bulo a Karmo zai iya ɗaukar darasi a nan ba tare da ya kashe kwabo ba. Ya tsayar da ranar biya, ya riƙe ta. In zai iya raba albashi biyu, tsakiyar wata da ƙarshensa, ya raba. Addininmu ya riga ya yi umarni da gaggauta biyan ma'aikaci, dokar ƙwadago ta Najeriya kuma ta ce kada tazarar biyan albashi ta wuce wata guda, kuma a ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce cikin wata uku da fara aiki. Gaskiya ne dokar mafi ƙarancin albashi, wadda ta kai shi naira 70,000 a Yulin 2024, ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, kuma yawancin shagunan Karmo a nan suka faɗo. Wannan ya sa alkawarin bakin maigida ya zama shi ne kusan duk abin da yaro ya dogara da shi.

To idan kasuwa ta yi tsami da gaske, kuɗin babu fa? Nan ma akwai abin yi. A 1990 Jerald Greenberg ya bi diddigin wasu masana'antu na kamfani guda a Amurka da aka rage wa ma'aikatansu albashi da kashi 15 cikin ɗari na mako goma. A ɗaya shugaban ya tara mutane ya yi musu cikakken bayani, ya nuna takaicinsa, ya amsa tambayoyi. A ɗayar an sanar da su ne a taƙaice aka tashi. Sata ta ƙaru a duka biyun, amma ta fi ƙamari sosai a inda ba a yi bayani ba, kuma a can ne mutane suka fi ajiye aiki. Maigidan da zai zaunar da yaransa ya ce, «Ga abin da ya shigo, ga bashin da ke kaina, ranar kaza zan ba ku rabi,» ya bar su da abin da za su faɗa wa mai gidan haya. Wanda ya ɗaure fuska ya ce, «Wanda ba zai iya ba ga hanya nan,» ya bar su da zargi, zargi kuwa yana hana barci.

Abu na biyu shi ne ta-cewa. A 1979 Robert Karasek ya kawo wani bayani da har yau ake aiki da shi: yawan aiki shi kaɗai ba shi ke karya mutum ba, abin da ke karya shi shi ne a labta masa aiki mai yawa kuma a hana shi ikon yanke komai a cikinsa. Binciken Whitehall, wanda aka fara a 1967 kan ma'aikatan gwamnati maza kimanin 18,000 a Landan, ya zo da abin da ya ba mutane mamaki. An ɗauka manya ne ciwon zuciya zai fi kamawa, tunda su ke ɗauke da nauyin hukunci. Sai aka ga cikin shekara goma masinjoji da masu tsaron ƙofa sun ninka manyan jami'ai kusan sau uku a yawan mutuwa. Shan taba da sauran abubuwan da likitoci suka saba dubawa ba su isa su bayyana wannan rata ba. Michael Marmot ya buɗe kashi na biyu na binciken a 1985, kuma cikin abin da ya fito fili akwai rashin iko da aikin da mutum yake yi.

A dubi tela mai shagon kansa a jajibirin Sallah. Yana kwana a kan keke, idonsa ya yi ja, amma shi ya karɓi ɗinkin, shi zai ce wanne zai fara, shi zai ce ya isa haka. A dubi kuma yarinyar da ke tsaye gaban inji a masana'antar ruwan leda, wadda sai ta nemi izini kafin ta zaga, ba ta san ko gobe aikin dare za a sa ta ba sai yau da yamma. Wataƙila telan ya fi ta awannin aiki, amma ita ce aikin ya fi ci. Haka direban keke mai biyan balas kullum: an ce shi ke da kansa, amma kafin ya samu na cefane sai ya haɗa na mai keke, ko an yi ruwa, ko jami'ai sun tare hanya, ko zazzaɓi yake yi.

Gyaran nan ma ba ya cin kuɗi. A fitar da jadawalin aiki tun farkon mako domin mutum ya san ranar da zai kai ɗansa asibiti. A bar masu gadi biyu su yi musayar kwana a tsakaninsu in sun sanar. Kafin a sauya tsarin shago a tambayi wanda ke wuni a ciki, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Na san akwai iyayen gida da ke ganin tambayar yaro ra'ayinsa zubar da girma ne. Ina ganin sun yi kuskure. Sarakunanmu ma da 'yan majalisa suke mulki.

Sai mutunci. Bahaushe yana iya jure yunwa, amma tozarci a bainar jama'a yana daɗewa a ransa. Duk wanda ya saba da wuraren gini ko garejin kanikawa ya ji yadda ake dura wa magidanci ashar a gaban yaran da ya haifi kamarsu, don ya fasa bulo biyu. Ban da zafin da ke cikin wannan, akwai asara. Amy Edmondson ta Jami'ar Harvard, a tsakiyar shekarun 1990, ta yi nazarin ma'aikatan jinya a asibitoci tana zaton rukunin da ke da shugabanci mai kyau zai fi ƙarancin kuskuren ba da magani. Sai ta ga su ne suka fi yawan kuskure a rubuce. Da ta bincika, ta fahimci su ne ba sa tsoron faɗa in sun yi, sauran kuwa ɓoyewa suke. Yaron kanikan da ya san mari zai sha ba zai ce ya manta bai ɗaure noti ba, zai bar motar ta hau titi. Wanda ya san in ya ce, «Oga, na yi ɓarna,» za a ja shi gefe a nuna masa, shi zai faɗa tun motar tana gareji. Faɗa yana da wurinsa, amma a keɓe, kuma a kan aikin, ba a kan uwa da uban mutum ko garin da ya fito ba. A Karmo, inda Bahaushe da Bagware da Ibo da Tibi suke aiki a rumfa guda, wannan na ƙarshe ya fi kowane saurin hura wuta.

Batun hutu gajere ne. Dokar ƙwadago ta ce wanda ke aikin awa shida ko fiye a ba shi hutun da jimillarsa ta kai awa guda, da kuma yini guda cikakke a kowane kwana bakwai. A birnin Chennai na Indiya an yi gwaji da ma'aikata masu ƙaramin ƙarfi 452, aka buga a 2021. Ko da yake suna kwanciya kusan awa takwas, barcin da suke samu bai wuce awa biyar da rabi ba, saboda zafi da sauro da hayaniya da cunkoson ɗaki. Ƙara musu barcin dare bai ƙara musu kaifin tunani ko yawan aiki ba. Abin da ya taimaka shi ne barcin rabin awa da rana a wuri mai shiru a wajen aiki: hankalinsu ya fi tattaruwa, ransu ya fi daɗi. Ƙailula ke nan da muka gada. Inuwa da tabarma bayan azahar, musamman a zafin Maris da Afrilu, ba gata ba ne. Inda aka hana wannan, wani abu ne ke maye gurbinsa. Binciken da Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya yi tare da gwamnatin Najeriya a 2018 ya ƙiyasta mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun sha ƙwaya a shekarar da ta gabata, kuma tramol na sahun gaba. Da yawan leburorin da ke haɗiyar ta ba don nishaɗi suka fara ba, don su iya gama jingar da jiki ya ce ba zai iya ba ne.

Duk da haka, ko maigida ya gyara komai, za a samu wanda damuwarsa ta zama ciwo. A nan muna da abin koyi daga gida. A 1954 Dakta Thomas Adeoye Lambo ya fara wani tsari a Aro, kusa da Abeokuta, inda masu taɓin hankali suke zama a gidajen mutanen ƙauye tare da wani ɗan'uwansu, suna zuwa asibiti da rana, maimakon a kulle su. Ya yarda cewa zama cikin mutane yana daga cikin magani. A Zimbabuwe, Dakta Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata su zauna a kan benci a harabar ƙananan asibitocin Harare, su saurari mai damuwa, su taimaka masa ya jera matsalolinsa, ya zaɓi guda, ya tsara matakin da zai ɗauka kafin zama na gaba. Zama shida ne. A gwajin da aka buga a 2016 da mutum 573, bayan wata shida kusan kashi 14 cikin ɗari na waɗanda suka zauna a bencin ne suka rage da alamun ciwon damuwa, a rukunin da bai zauna a bencin ba kuwa rabinsu.

Karmo ba ta rasa benci ba. Akwai teburin mai shayi, akwai majalisar bayan la'asar, akwai uwar adashi da ta san wacce ta kasa zubi da dalilinta, akwai shugabannin 'yan dako da na 'yan keke da na layin gwanjo, akwai limamai da fastoci. Abin da ya rage shi ne horo: yadda za a saurari mutum ba tare da an katse shi da wa'azi tun bai gama ba, yadda za a riƙe sirrinsa, da yadda za a gane inda shawara ta ƙare, aikin likita ya fara. Ƙungiyar kasuwa da ke iya tara kuɗin shara da na gadi tana iya gayyato ma'aikacin lafiya ya koyar da mutum goma wannan.

Alamun da za a koya musu ba su da wuyar riƙewa. Mutumin da ya haura mako biyu cikin baƙin ciki, abin da yake so da ya fita ransa, barci da cin abinci suka rikice, ya janye daga mutane, wannan a raka shi asibiti. Wanda ya fara cewa gara ya mutu ya huta, ko yana raba kayansa yana neman gafara ba tafiya zai yi ba, wannan ba a barinsa shi kaɗai ko na yini guda, kuma a kawar da maganin ƙwari da duk abin da zai iya cutar da kansa da shi. Addu'a da asibiti ba sa karo, a haɗa su. Babban Asibitin Ƙasa da ke Abuja yana da sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa, kuma ƙaramin asibitin unguwa zai iya rubuta takardar turawa. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta hana nuna wa mai irin wannan lalura bambanci a wurin aiki. Saboda haka maigidan da yaronsa ya kwanta ya riƙe masa gurbinsa, in ya dawo a fara masa da aiki mai sauƙi da rana, a ɗage masa kwanan gadi da hawa saman gini har likita ya ce ya murmure.